Waƙar Mawaƙan Coci a Gidan Rawa: Wa Ya Rera, Wa Ya Ci Moriya?

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi tsokaci a kan wani bayani da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya taɓo batun waƙoƙin bishara na baƙaƙen fatar Amurka waɗanda suka bar coci suka shiga gidajen rawa, ya kuma yanke hukunci cikin layi biyu cewa kwaɗayin abin duniya ne ya sa mawaƙan suka kai kayan ibada kasuwa. An yi gaggawa wajen wannan hukunci, domin tarihin waɗannan waƙoƙi a rubuce yake, kuma duk wanda ya bi shi sannu a hankali zai tarar cewa sau da yawa ƙungiyar mawaƙan da ta rera waƙar ba ita ta kai ta gidan rawa ba, ba a nemi shawararta ba, kuma ba ita ta kwashi ribar ba. Wani lokaci ma har sunanta ake gogewa daga jikin faifan.

Waƙar da aka fi kafa hujja da ita a wannan magana ita ce "Oh Happy Day". A shekarar 1967 wani matashi mai kaɗa piyano, Edwin Hawkins, tare da Betty Watson, suka tattaro matasa daga coci-cocin ɗariƙar Church of God in Christ da ke arewacin jihar Kalifoniya suka kafa ƙungiyar mawaƙa. Suna so su halarci babban taron matasa na ɗariƙarsu, kuɗin tafiya kuwa babu, sai suka yanke shawarar su naɗi 'yan waƙoƙi a faifai su sayar wa 'yan'uwansu masu bi. A cikin cocin Ephesian da ke garin Berkeley aka yi naɗin, da ƙaramar na'ura mai layi biyu, aka buga kwafi 500 kacal. Wanda ya buga kwafi 500 domin ya tara kuɗin mota, kasuwar duniya ba ta cikin lissafinsa. A 1969 ne ɗaya daga cikin faya-fayen ya faɗa hannun masu gabatar da shiri a gidan rediyon KSAN na San Francisco, tashar da ta saba da kiɗan rok, suka sa waƙar, masu sauraro suka yi ta neman a maimaita musu. Kafin shekarar ta ƙare, waƙar ta kai matsayi na 4 a jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ta kai na 2 a Birtaniya, ta hau na 1 a Faransa da Jamus, sannan a 1970 ta sami lambar yabo ta Grammy.

Shugabannin cocin a yankin ba su yi murna ba. Sun nemi gidajen rediyon da ba na addini ba su daina sa waƙar, kuma ba su yarda a ci gaba da amfani da sunan ƙungiyar matasan ɗariƙa a kan faifan ba, don haka lokacin da kamfanin Buddah ya ɗauki nauyin rarraba shi, sunan da duniya ta gani shi ne Edwin Hawkins Singers. Matasa sama da arba'in suka rera, sunan mutum ɗaya ya tsaya. Matar da ta ja baƙin waƙar da wannan murya mai kauri, Dorothy Morrison, har yau mafi yawan masu rera waƙar a bukukuwa da gidajen kallo ba su taɓa jin sunanta ba.

Yana da kyau a san abin da Hawkins ya yi wa waƙar, domin a nan ne ake gane ko an sayar da wani abu ko ba a sayar ba. Asalinta tsohuwar waƙar sujada ce ta wani limamin coci ɗan Ingila, Philip Doddridge, wadda aka buga a 1755 bayan rasuwarsa, daga baya aka ƙara mata amshi. Hawkins ya ajiye baitocin gefe, ya ɗauki amshin kaɗai, ya mayar da kiɗan daga bugu uku-uku zuwa bugu huɗu-huɗu, ya ba piyano wani ɗan rangaji irin na kiɗan Latin Amurka. Maganar da ke cikin waƙar kuwa bai sassauta ta ba ko kaɗan, tana nan a kan murnar mai bi da ranar da Yesu ya wanke masa zunubansa. Da wannan magana ta shiga tashoshin rok, da ita ta shiga kunnuwan miliyoyin mutanen da ba sa zuwa coci. Mai neman kasuwa da farko wannan maganar zai cire.

Akwai dalilin da ya sa waƙar ƙungiyar mawaƙan coci take zama daram a filin rawa ba tare da an yi mata wani gyara mai yawa ba, kuma dalilin yana cikin ginin waƙar ne. Duk wanda ya taɓa kallon irin wannan sujada ya san yadda abin yake tafiya. Jagora yakan bayar, 'yan amshi su karɓa, a bi baiti na farko da na biyu cikin natsuwa. Idan an kusa ƙarshe sai mai ba ƙungiyar umurni ya ɗaga hannu, a bar baitoci, a kama layi ɗaya tak ana maimaita shi. Mata masu siririyar murya su shigo su kaɗai, masu matsakaiciyar murya su hau kansu, maza su biyo baya, tafi yana sauka a kan bugu na biyu da na huɗu, mai ganga ya riƙe ƙafa ba ya sassautawa, jagora kuwa ya saki rubutattun kalmomi ya shiga kirari da roƙo da shaida yadda ransa ya ba shi. Wannan sashe ba shi da ƙayyadadden tsawo, yana iya ɗaukar minti biyu, yana iya ɗaukar goma, gwargwadon yadda jama'a suka motsa. To, abin da mai sa faifai a gidan rawa yake nema ke nan dare da rana: bugu wanda ba ya yankewa, layi ɗaya da taro zai iya kamawa, da zafi mai hauhawa mataki-mataki. Kiɗan disko da magajinsa na hawus suna tafiya ne a kan kimanin bugu 120 a minti ɗaya, kuma waƙoƙin yabo masu sauri da yawa a nan kusa suke.

Ita rawar ma ba baƙuwa ba ce a waɗannan coci-coci. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, mahukuntan Karolina ta Kudu suka kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganguna, sai tafi da buga ƙafa a ƙasa suka ɗauki aikin ganga, bayin suna zagayawa a da'ira suna jan ƙafa suna waƙar ibada. Coci-cocin Fentikos, irin ɗariƙar da Hawkins ya tashi a ciki, sun gaji wannan motsi, sun shigo da ganga da jita cikin sujada, suna kafa hujja da Zabura ta 150 wadda ta yi umurnin a yabi Ubangiji da kiɗa da rawa. Saboda haka lokacin da waƙar ta isa gidan rawa, ta riga ta saba da ƙafafun mutane tun daga gida.

Haka kuma hanyar ba ta taɓa zama mai zuwa wuri ɗaya ba. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban waƙoƙin bishara na zamani, makaɗin bulus ne a da, wato wani salon kiɗan duniya na baƙaƙen fatar Amurka, ya yi wa mawaƙiya Ma Rainey kiɗa, ya yi waƙoƙin bariki da sunan Georgia Tom, kafin ya juya gaba ɗaya ga coci a birnin Shikago a farkon shekarun 1930. Manyan fastoci na lokacin sun ƙi kiɗansa, sun ce ya kawo musu sautin mashaya cikin ɗakin Allah. Abin da suka ƙi a wancan lokaci shi ne jikokinsu suke kira tsantsar waƙar bishara, suna kuka kada a gurɓata ta. Mai son ya yi hukunci a wannan fage ya kamata ya riƙe wannan a zuciya.

Inda nake ganin marubucin shafinku ya haɗa abubuwa biyu da ba su kamata a haɗa ba shi ne nan. Akwai ƙetarawar da ake ɗaukar karin waƙar ibada a cire sunan Allah a sa na masoyiya. Ray Charles ya yi haka a 1954 da waƙarsa "I Got a Woman", wadda ya ɗora a kan karin wata waƙar yabo ta ƙungiyar Southern Tones, kuma daga irin wannan aiki ne kiɗan sol ya samo tushe. Sam Cooke, wanda yake jagoran ƙungiyar waƙoƙin bishara ta Soul Stirrers, ya yi makamancin haka, kuma ya san nauyin abin da yake yi, shi ya sa ya fitar da faifansa na farko na soyayya a 1957 da sunan aro, Dale Cook, sai dai muryarsa ta tona masa asiri nan take. Masu ibadar da suka fusata da wannan suna da hujja, domin an ɗauki abin da aka keɓe wa Mahalicci an miƙa wa abin halitta, komai daɗin kiɗan. Fitacciyar mawaƙiyar bishara Mahalia Jackson ta ƙi wannan hanya har ta koma ga Ubangijinta a 1972, ta ƙi rera waƙar bulus, ta ƙi hawa dandalin gidajen rawa duk da maƙudan kuɗin da aka yi mata tayi, kuma ban ga wanda ya isa ya ce ta yi tsaurin banza ba. Amma waƙar ƙungiyar mawaƙa da ta fita da kalmominta cif-cif, wani ya ɗauke ta ya sa a inda masu ita ba su taɓa taka ƙafa ba, lamarinta dabam ne, kuma shi ne ya fi yawa a tarihin kiɗan rawa.

Babu labarin da ya fi nuna wannan kamar na waƙar "Stand on the Word". Phyliss Joubert ce ta rubuta ta, ita ce mai kula da kiɗa a cocin First Baptist da ke unguwar Crown Heights a Brooklyn, kuma ƙungiyar mawaƙan cocin mai suna Celestial Choir ce ta rera ta a 1982, a wani faifai da aka buga domin jama'ar cocin. Waƙar tana buɗewa da piyano shi kaɗai yana maimaita 'yan sautuka kaɗan, sannan muryoyin su shigo gaba ɗaya, sabbi fil, ba su da gogewar ɗakin naɗi, suna kira ga mai bi ya tsaya a kan maganar Allah. Babu wani abu a cikinta da aka shirya domin gidan rawa.

Mutumin da aka fi dangantawa da fito da ita shi ne Walter Gibbons, kuma labarinsa kaɗai ya isa ya rushe zargin kwaɗayi. Gibbons yana cikin manyan DJ na birnin Niyok a zamanin disko, shi ne ya haɗa sautin waƙar "Ten Percent" a 1976 (wato ya sake tsara naɗinta domin filin rawa), wadda ake ɗauka a matsayin faifai mai inci 12 na farko da aka sayar wa jama'a, wato irin faifan da ke ba waƙa ɗaya filin miƙewa minti bakwai ko tara domin masu rawa. Daga baya ya rungumi addini da gaske, ya daina sa waƙoƙin da yake ganin kalmominsu ba su da tsabta, abin da ya sa gidajen rawa suka ja baya da shi, ya koma aiki a shagon sayar da faya-fayai a Manhattan, yana tara waƙoƙin bishara yana tallata su ga abokan sana'arsa. Ta hannun irin wannan mutum, wanda addini ya rage masa samu, waƙar Celestial Choir ta isa ga masu sa faifai. Tony Humphries, wanda yake kiɗa a kulob ɗin Zanzibar na birnin Newark, ya kama ta, masu rawa suka karɓe ta hannu bibbiyu, har a 1985 kamfanin Next Plateau ya fitar da sabon naɗi da sunan Joubert Singers, Humphries ne ya haɗa sautin.

Har zuwa nan ana iya cewa an yi abin da ya dace, tun da an koma wurin mai waƙar, sunanta kuma ya hau faifai. Abin takaicin ya zo ne a farkon shekarun 2000, lokacin da wani faifan bayan fage, wato wanda aka buga ba da izini ba, ya ɓulla a kasuwa ɗauke da waƙar, aka jingina haɗin sautin ga Larry Levan, shahararren DJ na kulob ɗin Paradise Garage, wanda ya riga ya rasu tun 1992. Masu bincike sun nuna cewa abin da ke cikin faifan nan naɗin coci ne na asali, Levan bai sa masa hannu ba. Duk da haka sunan ya manne, har yau idan mutum ya nemi waƙar a intanet, sunan Levan ne zai fara cin karo da shi a wurare da yawa. Mutanen da suka tsaya cikin rigunan mawaƙa a Crown Heights suka rera, ba su sami ko ambaton sunan ƙungiyarsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ko wanda aka rubuta sunansa bai karɓi komai ba, tun da yana kabari, waɗanda suka buga faifan a ɓoye ne suka kwashe.

Su wane ne masu rawar da suka karɓi irin waɗannan waƙoƙi? Mafi yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma da yawansu a coci suka tashi, a ƙungiyar mawaƙan yara suka koyi riƙe murya, daga baya suka yi hannun riga da coci ko ita ta juya musu baya saboda irin rayuwar da suke yi. Paradise Garage, wanda ya yi aiki daga 1977 zuwa 1987, ba a sayar da giya a cikinsa, kuma masu zuwa suna kiran kiɗan Levan na daren Asabar da sunan sujada. An ruwaito Frankie Knuckles, wanda kiɗan hawus ya samo sunansa daga kulob ɗin Warehouse da yake kiɗa a Shikago, yana kwatanta wurin da coci ga waɗanda suka kauce hanya. Ba ina cewa gidan rawa ya zama wurin ibada ba ne, ko kusa, kuma ba a rasa abubuwan assha a waɗannan wurare ba. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da piyanon coci ya tashi da ƙarfe huɗu na asuba, mutanen da ke filin sun san abin da suke ji, sun san daga inda ya fito, da yawansu kuma sun san kalmomin tun suna ƙanana.

Hukumomin coci sun fi saurin hukunta nasu fiye da bin haƙƙinsu. 'Yan'uwan juna mata da ake kira Clark Sisters, daga birnin Detroit, sun fitar da "You Brought the Sunshine" a 1981, gidajen rediyo da gidajen rawa na Niyok suka ɗauke ta, ta yi tashe a 1983. Mahaifiyarsu, Mattie Moss Clark, ita ce shugabar sashen kiɗa ta ɗariƙar Church of God in Christ baki ɗaya, kuma bayan ta hau dandalin bikin Grammy tare da 'ya'yanta, shugabannin ɗariƙar suka ja mata kunne, suka hana ta sake fitowa tare da su a irin wannan dandali. Mawaƙiyar bishara Tramaine Hawkins ta sha irin wannan suka a 1985 lokacin da waƙarta "Fall Down" ta hau matsayi na 1 a jadawalin kiɗan rawa na Billboard. A 1991 kuwa, sa'ad da ƙungiyar Sounds of Blackness ta jihar Minnesota ta fito da waƙoƙin da Knuckles da ire-irensa suka sake haɗawa domin filin rawa, ƙurar ta riga ta fara lafawa, domin kunnuwa sun saba.

Ba zan ɓoye ba cewa akwai wurin da masu adawa suke da gaskiya ko da ba a canja kalma ɗaya ba. Mai haɗa sauti yana da almakashi a hannunsa. Yana iya yanke baitin da aka ambaci Allah, ya bar layin da ke maganar ƙauna kawai yana ta juyawa, mai rawa ya ɗauka da masoyiyarsa ake. Waƙar Candi Staton, "You Got the Love", ta bi wannan hanya. Ta naɗe ta a tsakiyar shekarun 1980, bayan ta bar waƙoƙin duniya ta koma na bishara, sai wasu a Birtaniya suka ɗauki muryarta suka ɗora a kan wani kiɗan hawus na Shikago, haɗin ya shiga sahun waƙoƙi biyar na sama a can a 1991, ita kuwa sai labari ta ji daga bakin mutane. A wannan haɗi ambaton Ubangiji bai fita ba, amma da wuya a ce duk masu tsalle a filayen rawa na Landan da Manchesta sun san addu'a suke maimaitawa. Idan mai bi ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, ba zan yi masa gardama ba. Tambayata ita ce wa za a tuhuma, kuma amsar ba za ta zama matar da ba ta ma san an yi ba.

Maganar kuɗi kuwa, wadda marubucinku ya gina zarginsa a kanta, tsarin kasuwar ya riga ya raba ta tun kafin a buɗe baki. Haƙƙin waƙa kashi biyu ne: na wanda ya rubuta kalmomi da kari, da na wanda ya mallaki naɗin, wanda galibi kamfani ne. Ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI suna karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da gidajen rawa su raba wa marubuta da masu buga waƙa. A Amurka gidajen rediyo na AM da FM ba sa biyan mawaƙin da aka ji muryarsa ko sisi, marubuci kaɗai ake biya. Ɗan ƙungiyar mawaƙan coci ba marubuci ba ne, ba mai kamfani ba ne, ɗan sa-kai ne da ke tasowa daga wurin aiki ya zo gwajin waƙa da yamma, ya sayi rigarsa da kuɗinsa, ya tsaya a layi na uku ya ba da muryarsa sadaka. Idan waƙar ta yi tashe, babu takardar da ta ambace shi, idan kuma faifan na bayan fage ne, ko marubucin ba ya ganin komai. Wannan shi ne mutumin da aka ce kwaɗayi ya ja shi.

Masu karatu da yawa za su tuna "Jerusalema" ta Afirka ta Kudu, wadda Master KG ya haɗa, Nomcebo Zikode ta rera da harshen Zulu a 2019, duniya ta yi ta taka rawarta a 2020 lokacin kullen korona. Ba ƙungiyar mawaƙa ce ta rera ta ba, amma roƙo ce ga Allah a kan kiɗan hawus, kuma a 2021 mawaƙiyar ta fito fili ta ce ba a biya ta haƙƙinta ba, kamfanin ya musanta yadda ta bayyana lamarin. Idan mai suna a jikin waƙa tana wannan kuka, sai a auna halin wanda muryarsa ta narke cikin muryoyi arba'in.

Ana iya yin abin ta hanyar da ta dace, kuma an taɓa yi. Fasto T. L. Barrett na Shikago ya naɗi faifan "Like a Ship" a 1971 tare da ƙungiyar matasan cocinsa, Youth for Christ Choir, faifan ya yi shekaru kusan arba'in ba a san shi ba sai a tsakanin masu tara tsofaffin faya-fayai, har kamfanin Light in the Attic ya sake buga shi a 2010 da sunan faston da na ƙungiyar a jiki. Lokacin da Kanye West ya ɗauki wani yanki na wata waƙar Barrett a 2016, an sa sunansa cikin marubuta. Ko a nan ma, sunan da ya shiga takardar haƙƙi na marubuci ne, domin haka doka ta tsara, matasan da muryoyinsu suka sa masoya kiɗan sol suke neman faifan ruwa a jallo ba su cikin wannan lissafi.

Roƙona ga shafinku na nishaɗi shi ne, duk lokacin da za a yi rubutu a kan irin waɗannan waƙoƙi, a bincika a ambaci ƙungiyar da ta rera, cocin da aka yi naɗin, wanda ya rubuta da wanda ya ja baƙi, kafin a zo kan DJ da kamfani. Su kuma ƙungiyoyin mawaƙa, a duk inda suke, ya kamata su gane cewa zamanin kwafi 500 ya wuce, domin yau waya ɗaya da aka ɗaga a bayan coci ta isa ta kai waƙa ga mai haɗa sauti a wata nahiya kafin a tashi daga sujada. Kafin a kunna na'urar naɗi, a rubuta sunan duk wanda zai rera, a yi wa waƙar rajista da sunan marubucinta, a kuma zauna da shugabannin coci a amince a rubuce ko an yarda wani ya ɗora ta a kan kiɗan rawa, da sharaɗin da aka gindaya masa game da kalmomin da ba za a yanke ba, da kuma kason da zai shiga asusun ƙungiyar idan an yarda.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku a kullum